Ƙaramar MP3 mai maɓallai ta fi mini waya wajen gudu da karatu

Ɗalibin da ke fita motsa jiki da safe kuma aljihunsa bai cika nauyi ba, shawarata gare shi ita ce ya nemi ƙaramar na'urar sauraro ta MP3 mai maɓallan dannawa, mai wurin saka katin memori, mai matsewa a riga. Ya bar masu gilashin shafawa da ke kwaikwayon waya, kuɗinsu ya ninka amfaninsu. Tun lokacin sanyin bara nake aiki da irin wannan, kuma har yau ina jin daɗinta, duk da tana da nata aibin.

Mutane da yawa sun ɗauka zamanin waɗannan na'urori ya wuce, musamman tun da kamfanin Apple ya daina yin irin tasa, wato iPod, a 2022. Kowa zai ce maka ai waya na yin komai. Gaskiya ne tana yi, kuma nan ne matsalar take. Ka zauna sauraron darasi, saƙon WhatsApp ya faɗo, ka ce bari ka duba guda ɗaya, kafin ka farga an kira magariba. Ga nauyinta a aljihun wando lokacin gudu, ga fargabar ta suɓuce ta daki dutse, ga caji da ke ƙarewa a ranar da aka ɗauke wuta tun safe. Ita kuwa wannan ƴar aba ba ta shiga intanet, ba ta karɓar kira. Abin da ka zuba mata shi kaɗai za ta ba ka.

A Kasuwar Dole ta nan Damagaram na saye ta, wajen masu kayan waya. Ƙirar Caina ce, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana da giga 8 a cikinta. Mai shagon ya fara miƙo mini wata mai babban gilashi da Bluetooth, ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ita ce ta yayi." Na ce, "Alhaji, a ba ni wadda zan iya dannawa ba sai na duba ba." Ya yi dariya ya ciro wannan daga ƙasan gilas. Na zo da katina da abin kunnena daga gida, na saka a gabansa, na kunna wani dogon karatu, na tura shi tsakiya, na kashe na'urar gaba ɗaya, na sake kunnawa. Ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya. Wannan gwajin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali muhimmanci, domin akwai waɗanda ke mayar da kai farko duk lokacin da suka mutu, kuma darasin awa guda ba ya sauraruwa a haka. Muka daidaita a jaka bakwai.

Giga 8 ba kaɗan ba ne. Sautin MP3 na yau da kullum, mai ingancin 128 kbps, minti ɗaya yana cin kusan mega ɗaya, ke nan na'urar za ta ɗauki sama da awa 130. Na zuba Alƙur'ani cikakke, da darussan Faransanci da Ingilishi, da waƙoƙin gudu, har yanzu da sauran wuri.

Abin da ya sa na riƙe ta da gaske shi ne maɓallin A-B. Ka danna sau ɗaya a farkon aya ko jimla, ka sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaita wannan guntun kawai har sai ka ce ya isa. Mai hadda ya san darajar wannan. Ayar da ke yi maka gardama, ka ɗaure ta tsakanin A da B, kana wanki tana zagayowa, kana tafiya masallaci tana zagayowa, har harshenka ya kama madda da gunna yadda mai karatun ya fitar da su. Haka nake yi da jimlolin Ingilishi masu wuyar furtawa, da ma'anonin da malami ya ce sai an kawo su kalma da kalma a jarrabawa. Ƙanwata da ke shirin bak, jarrabawar gama sakandare, takan karɓa da dare, ta ɗauki muryarta tana karanta taƙaitaccen darasin tarihi, da safe tana shara tana sauraron kanta. Makirfon ɗin ya isa wannan aikin. A babban ɗakin lacca na jami'a kuwa, in ba a sahun gaba kake ba, ƙarar fanka da tarin ƴan aji za ka kwaso.

Wajen gudu ba ni da ƙorafi. Nakan matse ta a wuyan riga bayan sallar asuba in kama hanyar Mirya, ba ta lilo, ba na ma jin tana jikina. Hannu mai gumi ba ya hana maɓalli aiki, kuma yatsa ya haddace inda kowanne yake. Kunne ɗaya nake sakawa a bakin titi saboda ƴan kabu-kabu da manyan motoci. Ƙarar kuma ba na wuce rabi da ɗan kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80, kuma da ƙarar ta ƙaru lokacin yana raguwa sosai. Tana da rediyon FM, igiyar abin kunnen ce eriyarta, tashoshin gari suna fita tas.

Aibinta na farko ya ba ni haushi ƙwarai: ba ta karanta saƙon murya na WhatsApp. Waɗannan saƙonni a tsarin opus suke zuwa, alhali yawancin karatun malamai da bayanan ƴan ajinmu ta nan suke yawo. Dole sai an juya su zuwa MP3 a kwamfuta ko da manhajar waya kafin a zuba. Na biyu, sunan da aka rubuta da Larabci yakan fito mata a matsayin ƴan akwatuna, kuma tana jera abubuwa yadda ta ga dama in ba ka sa musu lamba ba. Maganin shi ne a rubuta 001, 002, har 114 a gaban surori, kowane fanni da foldarsa. Abin kunnen da ya zo a kwalin bai jima ba gefe ɗaya ya mutu, sai da na sayi wani. Da rana tsaka ba a ganin rubutun fuskarta ko kaɗan.

Katin memori ma yana son kula. Irin waɗannan ƙananan na'urori sun fi jituwa da kati mai giga 32 zuwa ƙasa, mai tsarin ajiyar fayil na FAT32. Katuna masu giga 64 da wani tsari daban, exFAT, suke zuwa, kuma da yawan na'urorin ba sa ganin su. Kuma jabu ya yi yawa. Wani abokin karatuna ya sayi mai "giga 64" da araha a hannun mai talla, ya kwashe karatun zango guda ya zuba, rabin fayilolin suka ƙi buɗewa saboda ainihin cikin katin bai kai abin da aka rubuta ba. In ka sayi sabo, cika shi taf tun ranar farko ka buɗe na ƙarshe-ƙarshen ka ji.

Batirin yana kai ni kwanaki da yawa da caji ɗaya, ko da yake bai kai awannin da kwalin ya yi alkawari ba. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a garin nan, yana cinye batir, don haka ba na barin ta a rana ko cikin akwatin babur. Lokacin hunturu ƙura takan cika ramin abin kunne har sauti ya riƙa yankewa, sai in sa busasshen buroshin haƙori in share. Cajinta da tsohuwar igiyar micro-USB ne, wadda sababbin wayoyi suka bari suka koma USB-C, saboda haka ka karɓi igiyarta a shagon kafin ka tashi, ka kuma gwada ta a wurin.