Ramana Maharshi ko Osho: wa za a fara karantawa?

Ɗan'uwa, cikin waɗannan malaman ruhaniya biyu na Indiya fara da Ramana, kada ka wahalar da kanka.

An haife shi a 1879 a yankin Tamil, kudancin Indiya. Yana ɗan shekara 16, a gidan baffansa da ke Madurai, tsoron mutuwa ya rufe shi. Sai ya miƙe a ƙasa kamar gawa, ya ɗauke numfashi, yana tambayar kansa: in jiki ya mutu, wa ya saura? A 1896 ya gudu zuwa dutsen Arunachala, bai sake barin wurin ba har rasuwarsa a 1950. Duk da cincirindon masu ziyara, tun kafin asuba yana madafa yana yanka ganye, kuma ba ya yarda a zuba masa abin da sauran jama'a ba su samu ba.

Koyarwarsa tambaya ɗaya ce. Tunani ya taso, kada ka bi shi, ka ce: wa ya zo wa? Ni. To wane ne ni? Sai hankali ya koma inda ya fito. Wuri biyu ake tuntuɓe: ko a mayar da tambayar jan carbi, baki na yi hankali na kasuwa, ko mutum ya faɗa wani shiru mai kama da gyangyaɗi ya ɗauka ya iso. Shi kansa ya ja kunne kan na biyun. Amma ka sani tushenta aƙidar Hindu ce ta Adbaita, mai cewa kai da abin bauta ɗaya ne, saboda haka Musulmi ya karanta don sani.

Osho kuwa, akwai baki, ban hana shi ba. Atisayensa na neman natsuwar zuciya awa guda ne kashi biyar: huci, ihu, tsalle, sandarewa, rawa. Sai dai motocin Rolls-Royce 93 da ya tara lokacin zamansa a Amurka, da mutum 751 da wasu manyan mabiyansa suka sa wa ƙwayar cuta a abinci a Oregon a 1984, sun isa a yi hattara. Amurka ta kore shi a 1985.

Ko da ba ka tambaya ba: duk wanda ya ce shi halifan Ramana ne, a turo kuɗin darasi, ɗan damfara ne. Ramana bai naɗa magaji ba, ɗan littafinsa na tambayoyi 28 kuma kyauta yake a intanet.