Man Habbatus Sauda da Iƙirarin Kare Ƙoda

Na sayi kwalbar man habbatus sauda a wani shagon magungunan Musulunci a Kano, wadda takardar jikinta ta ce yana kare ƙoda. Man yana da tsabta da ƙamshi mai ƙarfi, kuma yajinsa na daɗewa a maƙogwaro, sai dai iƙirarin ya zarce hujja. Gaskiya ne sinadarin timokwinon da ke cikinsa ya rage lalacewar ƙoda a jikin ɓerayen da aka yi wa allurar gentamicin ko cisplatin (magungunan da kan iya lalata ƙoda), har kiriyatinin na jininsu, wato dattin da kan taru a jini idan ƙoda ba ta aiki sosai, ya sauka, amma da awo aka ba su shi a ɗakin gwaji. Wannan kwalba kuwa ba ta faɗi yawan sinadarin ba, kuma babu lambar NAFDAC a jikinta.