Baki ya karkace: asibiti, gashi ko allurar ƴan China?

Wani maƙwabcinmu a Agege ya tashi alwalar asuba, ya guntsi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefe guda. Idon hagu kuma ya ƙi rufuwa. Kafin hantsi ya sha shawara: wannan ya ce marin aljani ne, wancan ya ce wanzami ya kafa masa ƙaho, wani mai saro kaya daga China ya ce akufanca, wato allurar ƴan China, ita ce maganin abin.

Kafin ka fitar da ko sisi, ɗaga gira a gaban madubi. In goshin ya motsa duka amma bakin ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, mai yiwuwa shanyewar ɓarin jiki ce. A nufi asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja nan take. In goshin ma ya mutu a ɓangaren, galibi jijiyar fuska ce ta kumbura. Ita ma likita za a kai wa, domin ƙwayar prednisolone ta fi aiki in an fara ta cikin kwana 3. Ita ce mafi araha, ita ce kuma aka fi tabbatar da amfaninta. Mai ciwon suga ya sanar da likita, tana ɗaga suga. Ido kuwa a riƙa ɗiga masa magani, a manne shi da filasta lokacin barci, kada ya bushe.

Gashi a sashen motsa gaɓoɓi na asibiti yana iya taimakon wanda fuskarsa ta yi jinkirin dawowa.

Akufanca fa? Siraran allurai ne ake tsittsirawa a kunci, goshi da hannu, a bar su kamar minti 20 zuwa 30, kuma zuwa ɗaya ba ya isa. Lissafa kuɗin kowane zama, ka haɗa da na danfo da wunin da gosulo zai cinye. Binciken da aka yi bai kai ga tabbatar da tana warkarwa ba, kuma kusan mutum 7 cikin 10 kan warke sarai ko ba magani, shi ya sa kowane mai magani yake da wanda zai nuna maka. Ni dai a ganina ƙari ce bayan asibiti, ga mai hali. In za ka je, nemi ganin takardar rajistar mai allurar, kuma a ɓare sabbin allurai daga leda a gabanka, saboda allurar da aka yi wa wani tana iya yaɗa ciwon hanta.