Kafin a Canja Maganin Suga: Kwatanta Ƙwayoyin Asibiti, Allura da Magungunan Gargajiya

Da yawa daga masu ciwon suga da ke ajiye maganin asibiti wahala ce ke sa su ajiye shi. Wani ya fara shan ƙwaya sai gudawa ta hana shi tsayawa a sahun salla, wani jiri ya ɗebe shi a kan babur tsakanin Ƙofar Ƙaura da gida, wata kuma ta ga kuɗin maganin wata guda yana neman cinye na cefane. A irin wannan hali ne akan samu mai ba da shawarar a koma ga sassaƙe ko garin magani na leda, kuma shawarar takan yi daɗin ji domin mai ba da ita ba ya ambaton wata illa. Amma magungunan suga na asibiti gida-gida ne, kowane gida da yadda yake aiki da irin damuwar da yake jawowa, kuma sau da yawa abin da ake buƙata shi ne a gyara yadda ake shan maganin ko a koma wani gidan. Bayanin da ke tafe ya shafi ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Mai nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ya daina samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ba shi da abin da zai maye masa gurbin allura, kuma barinta na 'yan kwanaki yana iya zama ajalinsa.

Sayayyar farko ita ce na'urar awon suga, domin ba tare da ita ba duk kwatancen da za a yi tsakanin magani da magani hasashe ne kawai. Mai saye ya fi kula da kuɗin tsinken da ake ɗiga jini a kai fiye da kuɗin na'urar, tunda ita sau ɗaya ake sayenta shi kuwa kullum ƙarewa yake yi, sannan ya tabbatar ana samun tsinkenta a kemis-kemis na garinsa ba sai an aika Kano ba. Wasu na'urorin suna nuna adadi kamar 126, wasu kamar 7.0, kuma ma'anarsu ɗaya ce, ma'aunin ne ya bambanta. Ga yawancin manya ana son awon safe kafin karin kumallo ya tsaya tsakanin 80 da 130, duk abin da ya gaza 70, wato 3.9, suga ya faɗi. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan kusan wata uku, wanda ake son ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100, sai dai yakan yaudari mai sikila ko mai ƙarancin jini. Gwajin ƙoda kuwa shi ke yanke rabin hukuncin zaɓen magani, kuma ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da sauran manyan asibitoci.

Metformin ne akan fara da shi, kuma shi aka fi kuka da shi. Tun 1957 likitan Faransa Jean Sterne ya fara amfani da shi ga masu suga, don haka an san halinsa ciki da waje: yana da sauƙin kuɗi, ba ya ƙara ƙiba, kuma in shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da suga ƙasa da kima. Aibinsa a ciki yake. Tashin zuciya, kumburin ciki, gudawa da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki sukan zo a makonnin farko, musamman ga wanda aka ɗora wa babban awo tashi ɗaya ko wanda yake sha cikinsa ba komai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da miligiram 500 sau ɗaya a rana, a haɗiye shi a tsakiyar cin tuwon dare, sannan likita ya riƙa ƙarawa a hankali bayan kowane mako ɗaya ko biyu. In duk da haka cikin bai lafa ba, akwai nau'insa mai narkewa sannu a hankali, wanda ake rubuta XR ko SR a kwalinsa. Ya ɗan fi tsada, amma a ganina shi ne canjin da ya fi cancanta a nema kafin kowane, domin mutane da dama da suka rantse ba za su ƙara shan metformin ba sun zauna lafiya da shi. Ba a tauna irin wannan ƙwaya kuma ba a daka ta, kuma in an ga ɓawonta a bayan gida ba wata matsala ba ce, maganin ya riga ya shiga jiki.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa mai shan metformin ba. Shekaru na shansa yana iya rage bitamin B12, abin da ke kawo kasala da sagewar ƙafa irin wadda akan ɗora wa ciwon sugan kansa, alhali gwaji da ƙarin bitamin za su iya gyara ta. Sannan ba a shansa idan gwajin ƙoda ya nuna ƙarfin tacewarta ya sauka ƙasa da 30, kuma akan dakatar da shi na ɗan lokaci idan amai da gudawa mai tsanani sun busar da jiki.

Gida na biyu shi ne na glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, tare da 'yan uwansa gliclazide da glimepiride. Suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma a nan ƙarfinsu da haɗarinsu suka haɗu. A ɗauki dattijon da ya sha ƙwayarsa bayan sallar asuba, ya saɓi fartanya ya nufi gona a bayan garin Daura da niyyar za a kai masa fura in rana ta ɗaga. Kafin hantsi sai zufa mai sanyi ta karyo masa, hannu ya kama rawa, zuciya ta riƙa bugawa, magana ta fara harɗewa, waɗanda ke kusa kuma su ɗauka hawan jini ne ko iska. Abin da yake buƙata a wannan lokaci shi ne suga kimanin giram 15, wato cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba, ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma, a jira minti 15 a sake awo, in ya dawo daidai a bi shi da abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Glibenclamide ya fi sauran daɗewa a jiki, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son a ba wanda ya haura shekara 60, ta fifita gliclazide. Mai ƙaramin ƙarfi da ke cin abinci a kan lokaci zai iya amfana da arhar wannan gida, amma direba, da tsoho mai kwana shi kaɗai, da mai ciwon ƙoda, ya kamata su nemi a duba musu wani.

Sitagliptin, vildagliptin da linagliptin su ne masu laushin hali. Ba sa tayar da ciki sosai, ba sa ƙara nauyi, kuma da wuya su kayar da suga, sai dai ƙarfinsu matsakaici ne kuma kuɗinsu ya ninka na metformin nesa ba kusa ba. Pioglitazone yana da arha amma yana tara ruwa a jiki, don haka mai kumburin ƙafa ko raunin zuciya ya nisance shi.

Empagliflozin da dapagliflozin suna fitar da suga ta fitsari, kuma an tabbatar suna kare zuciya da ƙoda, abin da ya sa suka cancanci tsadarsu ga wanda waɗannan gaɓoɓi nasa suka fara taɓuwa. Sai dai mazaunin Katsina ya yi lissafi da yanayin garinsa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma maganin da ke ƙara yawan fitsari a irin wannan lokaci yana iya busar da jiki ya kawo jiri, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Suna kuma jawo ƙaiƙayin gaba, ga mata da maza, wanda tsarki da ruwa bayan kowane fitsari ke ragewa. Mai shansu da ya ji amai, ciwon ciki da haki ya je asibiti ko da na'ura ta nuna suga bai hau sosai ba. Allurar mako-mako irin su Ozempic kuwa tana rage suga da ƙiba tare, amma tana sa tashin zuciya, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunta na yawo. Wanda aka yi wa tayinta da arha a intanet ya kama kansa.

Insulin ana jin tsoronsa fiye da kima, domin an ɗauka wanda aka ɗora a kan allura ya zo ƙarshe. Gaskiyar ita ce tun 1922 ake ceton rai da shi, ba ya ɓata ƙoda, kuma shi aka fi amincewa da shi ga mai juna biyu da wanda sugansa ya yi hawan da ƙwaya ba za ta iya da shi ba. Damuwarsa ita ce faɗuwar suga, ƙarin nauyi, da kullutun da ke fitowa a fata idan kullum wuri ɗaya ake sokawa. Mai saye ya dubi abu biyu. Lambar ƙarfin insulin da ke jikin kwalba da ta sirinji dole su zo ɗaya, U-100 da U-100, domin haɗa U-40 da U-100 yana sa mutum ya yi wa kansa fiye ko ƙasa da abin da aka rubuta masa ninki biyu da rabi. Sai ajiya: kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare, wadda aka buɗe kuma takan yi kimanin mako huɗu a wurin da bai kai digiri 30 ba. Inda wuta ba ta tsayawa, dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tana taimakawa. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a sa kwalbar cikin wani ɗan gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Maganin gargajiya ba abin rainawa ba ne, tunda metformin kansa daga binciken wani tsiro na ƙasashen Turai ya samo asali. Bambancin shi ne an tace shi, an san miligiram nawa ke cikin kowace ƙwaya, an kuma san wanda bai kamata ya sha ba. Hulba, habbatus-sauda, kirfa, zogale, shuwaka da garahuni duk an yi ƙananan gwaje-gwaje a kansu, wasu sun nuna ɗan sauƙin suga, amma babu wanda aka tabbatar yana iya maye gurbin magani ko yana kare ido da ƙoda da ƙafa a tsawon shekaru. Zogale da shuwaka a matsayin kwaɗo da miya abinci ne mai kyau, kuma babu dalilin hana su. Abin tsoro shi ne jiƙon da ba a san haɗinsa ba, wanda ake sha kofi-kofi da ƙodar da ciwon ya riga ya raunana, da kuma garin da ake tallarsa da lasifika ana cewa yana warkar da suga har abada. A ƙasashe da dama hukumomi sun sha kama irin waɗannan kayayyaki an cakuɗa musu glibenclamide a ɓoye, wanda ke nufin mai haɗa su da ƙwayar asibiti yana shan magani biyu bai sani ba. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L da ake gani a kwalaben gargajiya tana nufin an duba rashin cutarwarsa ne na ɗan lokaci, ba shaida ce cewa yana maganin abin da aka rubuta a jikinsa ba. Zuma da dabino, duk da darajarsu a wurinmu, suga ne a cikin jini, kuma na'ura za ta nuna hakan awa biyu bayan an ci. Wanda ya ƙudurta gwada wani tsiro ya gaya wa likitansa, ya gwada ɗaya tak a lokaci guda, kada ya ajiye ƙwayarsa, kuma ya riƙa rubuta awonsa.

Abin da aka tabbatar yana iya rage buƙatar magani shi ne abinci da motsa jiki. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2017 ya nuna kashi 46 cikin 100 na masu ƙiba da suka bi tsarin rage nauyi mai tsanani sugansu ya daidaita ba tare da ƙwaya ba bayan shekara guda. Wannan albishir ne ga mai teɓa wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba, amma bai shafi siririn mutum ba, kuma masu suga sirara suna da yawa a cikinmu. Yawan tuwon ya fi irinsa muhimmanci, domin malmala uku ta alkama ko acca za ta ɗaga suga fiye da malmala ɗaya ta masara da miyar ganye da wake.

Mai niyyar azumi ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, domin a sauya lokutan sha, musamman ga masu glibenclamide da insulin. Awon yatsa ba ya karya azumi, kuma idan suga ya gaza 70 ko ya haura 300 ana buɗe baki nan take.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, don haka yana da kyau mai saye ya san sunan sinadarin maganinsa, ba sunan kamfani kaɗai ba. Glucophage metformin ne, Amaryl glimepiride ne, kuma na wani kamfani mai rajistar NAFDAC da aka saya a kantin magani mai lasisi yana yin aikin da kuɗi kaɗan. A kankare lambar da ke jikin kwali a tura saƙon tantancewa in akwai ta, a kuma duba ƙwayoyin da aka haɗa magani biyu a ciki, don kada a sayi metformin sau biyu da suna daban-daban. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya bincika ko tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Katsina ko inshorar lafiya ta ƙasa ya ƙunshi maganinsa. Ranar ganin likita kuma a tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har da na gargajiya, da takardar awon mako biyu, a faɗa masa ƙarara nawa ake iya kashewa a wata, domin ya rubuta abin da za a iya saye har zuwa ranar dawowa.