Ducati 350 Desmo ko Moto Morini 3½ Sport: wanne ya fi dacewa da mai son hawa?

Malam, ka ce ka ci karo da tsofaffin babura biyu na Italiya an sa su a kasuwa, Ducati 350 Desmo ƙirar 1974 da Moto Morini 3½ Sport ƙirar 1975, kuɗinka na guda ɗaya ne, kuma hawa kake son yi, ba ajiyewa a falo ana kallo ba. Tunda hawa ka ce, Morini zan ce ka ɗauka. Amma bari in baje maka su, don Ducatin ma ba abin da za a wuce shi da baki ɗaya ba ne.

Dukansu 'yan gari ɗaya ne, Bologna. Kowanne kuma ya tsaya ƙasa da sisi 350, Ducati 340, Morini 344. A wancan zamanin harajin Italiya ya fi nauyi a kan babur ɗin da ya haura wannan girman, sai kamfanoni suka zuba duk basirarsu a ƙananan injuna.

Ducatin silinda ɗaya gare shi da giya biyar, nauyinsa wajen kilo 130. Abin da ake sayensa dominsa yana cikin kan injin. A babur ɗin da muka saba, kam ne ke danna bawul ya buɗe, sifirin ya dawo da shi, kuma idan inji ya yi juyi da yawa sifirin kan kasa bin sawu. Injiniya Fabio Taglioni sai ya sa hannu biyu na ƙarfe a kan kowane bawul, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya jawo shi ya rufe. Wannan shi ne desmo, kuma a kan waɗannan masu silinda ɗaya Ducati ta fara sayar wa jama'a shi a 1968. Duba gefen dama na injin, za ka ga wani bututu a tsaye daga ƙasa har kai. A cikinsa akwai sanda mai haƙora sama da ƙasa, ita ke juya kam, babu sarƙa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ni kam ban taɓa gajiya da kallonsa ba. Ga kuma launin ruwan ɗorawa na 1973 da 1974, wanda Leopoldo Tartarini ya tsara. A 1974 Ducati ta daina ƙera masu silinda ɗayan, don haka wanda ka gani na ƙarshen zubi ne, kuma kuɗinsa kan ɗara na Morini nesa ba kusa ba.

To amma riƙonsa sai mai haƙuri. Saita bawul ɗinsa ba aikin sukurdireba ba ne. Da ƙananan ƙarafa masu kauri daban-daban ake yi, a auna, a cire, a sauya, a sake aunawa, na buɗewa daban, na rufewa daban. Bakaniken da bai san shi ba zai iya ɓata maka inji a yini guda. Boris ɗin da ke gindin sandar fistan ba ya son a ja babur a babbar giya inji na tafiya a hankali, kuma ba ya yafe tsohon baƙin mai. Wutarsa mai rauni ce, fitilar ba ta tafiyar dare ba ce. Yana kuma girgiza, bayan awa ɗaya a kan titi za ka ji a tafin hannunka.

Morini kuwa tunaninsa daban ne. Franco Lambertini, wanda ya baro Ferrari, shi ya zana injin. An nuna shi a baje kolin Milan a 1971, samfurinsa na farko mai suna Strada ya fito kasuwa a 1973, Sport ya biyo a 1974. Silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V, digiri 72 tsakaninsu. Ƙasan kan silindar a shafe yake sumul, ramin da mai ke ƙonewa a saman fistan aka fafe shi, dabarar da ake kira Heron. Hakan ya sauƙaƙa ƙira, ya kuma sa babur ɗin ba ya shan mai. Giya shida, wutar filogi ta lantarki ba mai kwantak ba, kulocin busasshe, kam kuma bel mai haƙora ke juya shi, abin da a lokacin baƙo ne a babura. Sport na ba da ƙarfin doki wajen 39, yana taɓa kilomita 160 a awa, nauyinsa ya ɗara na Ducati da kilo goma sha wani abu.

A kan titi wannan ƙarin nauyin ba ya damunka. Ducati ya fi siranta, ya fi saurin faɗawa kwana, ban musa ba. Amma Morini na shiga kwana a natse, ya riƙe layin da ka ɗora shi, kuma da giya shida kullum akwai wadda ta dace da hawa ko gangara. Yana son a murɗa masa totur, a ƙasa-ƙasa ba shi da wani kuzari, sai ya ɗau juyi yake farkawa. Za ka yi tafiyar yini a kansa ka sauka da sauran ƙarfinka, in dai bayanka zai jure sunkuyon ƙahonsa. Bawul kuwa da sifana da sukurdireba kake saitawa da kanka a ƙofar gida.

Ba wai ba shi da nasa ba. Bel ɗin nan roba ne, yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, in ya tsinke inji na gudu bawul da fistan za su gamu. Ranar da ka saya, ranar za ka sauya shi, komai mai shi ya faɗa maka. Nadin wayar da ke ba filogi wuta shi ma yana rauni da shekaru, alamarsa wahalar tashi, ana kuma sake naɗa shi. Kulocin yana ɗan fizga wajen tashi, sai hannu ya saba.

Abu ɗaya ya haɗa su da ya kamata ka sani tun yanzu: giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, kik ma a hagu. Ƙafar da ta saba da Bajaj ko Jincheng za ta taka giya tana neman birki. Ka nemi fili ka yi ta zagaye kafin ka shiga cikin motoci.

Wajen saye ne aka fi cutuwa, don dukansu ana yi musu kwalliyar ƙarya. Ana ɗaukar Ducati Mark 3 mai sifirin a shafa masa ruwan ɗorawa a kira shi Desmo, don haka ka sa a buɗe murfin bawul ka ga hannun rufewa da idonka. Akwai kuma waɗanda kamfanin Mototrans ya ƙera a Sifen da izinin Ducati, babura ne na ƙwarai amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Haka ake sa wa Morini Strada kujera mai tozo da gajeren ƙaho a ce Sport ne, alhali kam da fistan ɗinsu ba ɗaya ba ne. Sport na 1975 na asali yana da babban birkin ganga na Grimeca a gaba, mai faifai daga baya ya zo, kuma masu ganga aka fi nema. In ka ga faifai a kan wanda aka ce maka na 1975 ne, ka tambayi dalili.

Ka ce wa mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso. Ka dafa silinda ka ji ta da sanyi, sannan ya buga kik a gabanka. Ka gwada lambar firam da ta inji da abin da ke cikin takardu, in kuma babur ɗin a Italiya yake, ka tambaya ko yana cikin rajistar tsofaffin babura ta FMI, hukumar harkar babura ta Italiya. Idan Morinin ya tashi a bugu biyu ko uku, babu shuɗin hayaƙi a salansa, lambobi kuma sun yi daidai, ka yi ciniki, ka rage kuɗin bel da sababbin tayoyi a cikin tayinka.