Fas ko Safi: ina ya fi dacewa ka nufa in tsohon gari da tukwanen Maroko kake so?

Duk wanda ya je ziyara Fas da wuya ya dawo ba da wani faranti mai zanen shuɗi a jakarsa ba, an naɗe shi da jarida an cusa tsakanin riguna. Sai bayan ya dawo ne wani zai ce masa ai da Safi ya je, da kuɗin faranti ɗaya ya sayi biyu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Garuruwan biyu duk suna da tsohon birni mai ganuwa, duk suna da unguwar magina tukwane, sai dai abin da za ka samu a kowanne daban ne. Kafin ka yanki tikiti, ka tambayi kanka: garin za ka gani ka haɗa da tsaraba, ko kayan za ka saya ka haɗa da ganin gari?

In garin ne, babu wata doguwar shawara, Fas ce. Idris na Ɗaya ya kafa ta a 789, ɗansa Idris na Biyu ya faɗaɗa ta, kuma kabarinsa na nan a tsakiyar birni. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta gina a 859, har yau ana salla a cikinsa. Zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815, tafiyar 'yan mintoci ce daga nan a ƙafa, kuma a bakin ƙofarta ba abin mamaki ba ne ka ji ana gaisawa da Hausa. Masallatan Maroko galibi ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, don haka abin da Bature ke leƙe daga bakin ƙofa, kai za ka cire takalmi ka shiga ka zauna. Ka kasa kunne ga karatun liman: Warsh ne, irin na allo.

Mota ba ta shiga cikin tsohon birnin. Ta ƙofar Bab Bujlud ake fara gangarawa, ƙofar da aka gina a 1913, shuɗiya ta waje, koriya ta ciki, sai ka bi Tala'a Kabira lungu na haɗiye lungu. In ka ji an ce "balak, balak" a bayanka, maza ka manne da bango, alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko fatu. A majemar Shuwara za a miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Wanda ya saba da warin majema a gida zai yi dariya ya karɓa kawai don kada ya gwale mai bayarwa.

To amma ga abin da masu tallan yawon buɗe ido ba sa faɗa da wuri: maginan Fas ba a cikin birni suke ba. Hayaƙin matoya ya sa aka fitar da su bayan ganuwa, zuwa unguwar Ain Nokbi. Sai ka hau ƙaramar tasi, ja ce a Fas. Wurin ba shi da kyan gani, manyan rumfuna ne da ƙura da tarin ƙwallon zaitun da ake hura wuta da shi. Aikin kuwa sai wanda ya gani. Yumɓun Fas ruwan toka ne, ana jiƙa shi, a tattake shi da ƙafa, sannan magini ya zauna yana juya faifai da ƙafa ɗaya, hannuwansa biyu na ɗaga laka har ta zama kwano. A wani ɗakin masu zane ne, kowa da siririn burushi, yana jan layi a kan farin kwano ba tare da ya auna ba. Launin da yake shafawa a lokacin dishi-dishi ne, sai ya sha wuta yake komawa shuɗin nan da aka san Fas da shi. Can gefe kuma masu sassaƙa zallij, wato adon da ake haɗawa da gutsattsarin tayil, suna zaune a ƙasa da guduma mai kaifi, suna fasa tayil zuwa 'yan taurari da ba su fi farce girma ba, a jera su a kife, a zuba siminti ta baya. Sai an juyo teburin ake ganin abin da aka yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Yawancin baƙi ɗan jagora ne ke kai su, kuma la'adarsa na cikin kuɗin da za a faɗa maka. Ni ma na taɓa faɗawa: wani saurayi mai fara'a ya raka ni "wurin kawunsa", na sha shayi, na ji kunyar tayawa da ƙasa, washegari na ga irin kwanon a kasuwar lalle ta cikin birni da sauƙi nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne ka fara zaga shagunan cikin birni ka san yadda kaya ke tafiya, sannan ka je Ain Nokbi kai kaɗai, ka ce wa mai tasi ya sauke ka ya tafi.

Safi, wadda mutanenta ke kira Asfi, wata duniya ce. Garin bakin teku ne na masunta kifin sadin da masana'antar fosfat, ba ta yi wa baƙo kwalliya ba. Tsohon birninta ƙarami ne, kafin azahar ka gama shi. Mutanen Fotugal sun riƙe ta har zuwa 1541, sun bar ganuwa da wani sansani a bakin ruwa da ake kira Ƙasrul Bahar. Abin da ta fi Fas da shi ɗaya ne, amma babba: tudun magina yana nan manne da birni, kana fita ƙofar Bab Sha'aba ka iso. Ba rumfar nuni ba ce, unguwa ce ta masu sana'a, ga matoya masu kan tulluwa, ga ɗanyun tukwane jere a rana, ga yaro na wucewa da katako a ka an jera kwanuka. Lakarsu ja ce, launukansu sun fi yawa, kore da rawaya da ruwan ƙasa. Wani magini ɗan asalin Aljeriya, Bujuma'a Lamali, shi ya farfaɗo da sana'ar a farkon ƙarni na 20 ya horar da almajirai. Da yawa daga kayan da ake sayarwa a Marrakesh daga nan aka ɗauko su, shi ya sa mai sari ya fi samun albarka a Safi. Daga Marrakesh kusan kilomita 150 ne. Ita kuwa Fas, jirgin ƙasa daga Kasablanka kai tsaye yake kai ka, cikin kamar awa 4.

A nawa ganin, shuɗin Fas ya fi tsabtar zane, lakarta ta fi ƙarfi. Na Safi ya fi saurin ɓantarewa a baki, amma ya fi fara'a a kan tebur, kuma in ya fashe ba za ka kwana kana tsaki ba.

Ko ina ka saya, ka ɗaga kwanon ka ƙwanƙwasa da farce. In ya yi ƙara siririya mai tsawo, ya gasu. In ya yi "kwaf", akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Ka juya gindinsa, galibi za ka ga sunan garin a rubuce. Ka tambaya ko fentin na da dalma, domin wasu tsofaffin haɗin suna da ita, kuma abu mai tsami kamar lemo ko tumatir yana jawo ta cikin abinci. In amsar ta zo da kame-kame, to na ado ne, a rataye a bango. Tukunyar ɗajin mai murfi kamar malfa ita ma iri biyu ce: mai zane ta zuba abinci ce, ta girki ita ce marar ado, kuma ana jiƙa ta a ruwa a shafe ta da mai kafin a fara ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan.

Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, musamman bayan masallaci, kada ka sa sayayya a ranar. Sannan ka tuna da awon jirgi. Manyan farantai 3 sun isa su cinye maka kilo mai yawa, ga dabino da jallabiyoyin da aka yi maka sautu. Masu shago za su ce za su aiko maka har gida. Kafin ka yarda, a rubuta maka kuɗin aike a takarda, ka ɗauki hoton kayan, ka kuma sani kuɗin kwastan na gida yana jiranka. Ƙananan kwanuka kuwa, ka sa su cikin safa, ka riƙe a jakar hannu.