Shingen Lantarki Ko Bolar Shara Mai Kulle?

Kullum ana tambayata wanne ke kare gida daga beyar a Montana ta Amurka, idan ya fito daga dogon barcin hunturu a watan Afrilu da yunwa.

Bola mai kulle ta fi araha, ba ta son wahala. A garin West Yellowstone na Montana har beyar ake ba wa ita don gwaji, ya yi minti 60 yana dambe da murfin kafin a amince da ita. Sai dai ka manta kullewa dare ɗaya, aikin ya lalace.

Shingen lantarki kuwa yana cin kuɗi da kulawa: ciyawa ta taɓa waya, ƙarfin wutar ya ragu. Amma beyar da ya sha girgiza a hanci ba ya gaggawar dawowa.

Mai shara kawai, bola ta ishe shi. Mai kaji ko amyar zuma, ya ja waya.